JSON, YAML ko .env: a ina zan ajiye saitunan manhajar shagon magani?

Dan_Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Shekara ɗaya da rabi ke nan da na rubuta wa wani Alhaji manhajar sayar da kaya da Python (yaren rubuta manhaja), don shagon maganinsa da ke nan Mabera. A lokacin shago ɗaya ne kawai, sai na cusa komai a cikin kod: sunan da ke fita a saman rasit, sunan firinta, lokacin rufe lissafin rana. Bana ya buɗe reshe a Tambuwal da wani a Illela, shi ne na kwashe waɗannan abubuwa na zuba a fayil ɗin JSON (wani tsarin rubuta bayanai da manhaja ke karantawa), kowane reshe da nasa. Makon jiya, ana gobe kasuwa, yaron shagon Illela ya sauya firinta. Na ce masa ta waya ya buɗe fayil ɗin da Notepad ya gyara sunan. Ya gyara daidai, amma sai ya goge layin ƙarshe da ba a amfani da shi, waƙafin layin da ke samansa ya zauna. JSON kuwa ba ya karɓar waƙafi bayan abu na ƙarshe, sai manhaja ta ƙi tashi. Yini guda suna rubuta ciniki a littafi, ni kuma sai da na hau mota na je na cire waƙafi guda ɗaya. Yanzu wani abokina ya ce in koma YAML, wani ya ce .env, su ma tsare-tsaren rubuta fayil ɗin saiti ne. Wanne ne ya fi? A cikin fayil ɗin akwai kuma farashin wasu magunguna, da canjin sefa saboda masu zuwa daga Konni, da makullin sirri na kamfanin da ke tura wa Alhaji saƙon cinikin rana.

Abban_Hanifa: Wa alaikumus salam. YAML kawai. Babu waƙafi, babu baka, suna da ruwa biyu da abin da kake so. Ko wanda bai taɓa ganin kod ba zai karanta. Docker Compose da Kubernetes da GitHub Actions duk da shi suke aiki.

Yar_Gobir: Yaya Abban_Hanifa, a yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba, musamman ga mai Python. Laburaren (kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta) da kusan kowa ke ɗauka don karanta YAML, wato PyYAML, har yanzu ƙa'idar YAML 1.1 yake bi, kuma ita wannan ƙa'idar tana yi maka hasashen abin da kake nufi. Dan_Mabera ya ce yana da lokacin rufe lissafi. In ya rubuta 16:30 ba tare da alamar zance ba, abin da manhajarsa za ta karɓa shi ne 990, don ta ɗauke shi lissafin sittin-sittin, wato 16 sau 60 a tara da 30. In kuma ya rubuta 08:30 sai ya zo masa a matsayin rubutu lafiya lau, saboda ya fara da sifili. Ka ga layi biyu masu kama ɗaya, sakamako daban. Ni na gamu da irinsa da lambobin rassa: 001 zuwa 007 suka koma 1 zuwa 7, 008 da 009 suka zauna a rubutu, 010 kuma ta koma 8, don duk lambar da ta fara da sifili kuma babu 8 ko 9 a cikinta ana karanta ta da lissafin takwas-takwas. Kwana biyu ina neman dalilin da ya sa kayan reshe na goma ba sa shiga inda ya kamata.

Abban_Hanifa: Ai an gyara wannan tun YAML 1.2, a 2009.

Yar_Gobir: An gyara a takarda, Yaya. Laburaren da ke kwamfutarka shi ne ke karanta fayil, ba takardar ba. Shi ya sa har yau ake maganar matsalar Norway: lambar ƙasar NO ce, sai a karanta ta a matsayin false. Haka yes da on da off. Mu dai NG da NE ba su faɗa wannan ramin ba.

Dattijon_Kofar_Marke: Ɗana Dan_Mabera, Allah shi yi albarka. Wanga al'amari ba na JSON ba ne, ba kuma na YAML ba. Ka sake karanta abin da ka rubuta. Abu ukku ka gama wuri guda, kuma ba dangin juna ba ne. Sunan firinta da sunan reshe saiti ne, ana sa shi sau guda a manta da shi wata da watanni. Farashi da canjin sefa bayanai ne na kasuwanci, suna sauyawa kullum, kuma wata rana Alhaji zai tambaye ka nawa anka canza sefa ran Talatar da ta wuce, wa kuma ya sauya. Fayil ba ya tuna jiya. Makulli kau sirri ne, bai kamata yaron shago shi gan shi ba ko da da kuskure. Tun zamanin da munka fara da fayilolin INI bisa Windows, duk wahalar da na gani daga wagga gamin-gambizar take fitowa. Raba su tukuna, sannan mu yi maganar wane tsari.

Injiniya_Arkilla: Baba ya gama magana. Farashi da canji su tafi SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanai. Tana nan cikin Python tun asali, ba sai ka girka komai ba, fayil ɗaya ce, kuma ita ce ke cikin kowace wayar Android da ke hannunmu. Yi tebur na canji mai ranar da aka sa, da wanda ya sa. Kada ka goge tsoho, ƙara sabon layi kawai.

Dalibi_Dundaye: Malamai, ni ɗalibi ne, aji uku. Tambayata, me ya sa JSON ba ya karɓar sharhi, wato bayanin da ake rubuta wa mutum, manhaja ta tsallake shi? Na gwada sa layi biyu na karkace in rubuta bayani, ya ƙi. Amma a saitin VS Code, manhajar rubuta kod, ina gani ana yi.

Injiniya_Arkilla: Ƙanena, da gangan aka yi. Douglas Crockford, wanda ya fito da JSON fili a farkon shekarun 2000, ya bayyana cewa ya cire sharhi ne don ya ga mutane na ɓoye umarni a ciki ga manhajar da ke karantawa, abin da zai sa fayil ɗaya ya yi ma'ana biyu a wuri biyu. An yi JSON ne don manhaja ta aika wa manhaja saƙo, ba don mutum ya zauna yana gyarawa da hannu ba. Abin da ka gani a VS Code wani ɗan uwansa ne da ake kira JSONC, haka tsconfig na TypeScript. In ka ba json na Python irin wannan fayil zai ƙi shi.

Dalibi_Dundaye: Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi.

Mai_Laravel_Gawon_Nama: Ni dai .env nake amfani da shi a komai kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Suna, alamar daidai, ƙima. Shi ke nan. Tsarin Twelve-Factor da mutanen Heroku suka fitar a 2011 ma abin da ya ce ke nan, a ajiye saiti a muhallin da manhaja ke gudana, ba cikin kod ba.

Yar_Gobir: Don saba (server, kwamfutar da ke riƙe da manhaja a intanet) suka rubuta wannan, inda kai kaɗai ke shiga. Kwamfutar da ke kan kantar shago a Illela ba saba ba ce. Kuma a .env komai rubutu ne. Ka rubuta False, Python ta karɓe shi a matsayin kalma mai harafi biyar, in ka tambaye ta gaskiya ne ko ƙarya ta ce gaskiya ne, tunda ba fanko ba ne. Mutane da yawa sun bar DEBUG (yanayin gwaji) na Django, tsarin gina shafukan intanet da Python, a kunne ta wannan hanyar suna zaton sun kashe.

Mai_Laravel_Gawon_Nama: Wannan gaskiya ne, Hajiya. Mu ma muna da namu. In ka yi config:cache a Laravel, tsarin da muke gina shafukan intanet da shi, ba a ƙara karanta .env, duk inda ka kira env() a wajen fayilolin config sai ya dawo maka da null. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wani aiki da aka kawo mini gyara bara, shafin biyan kuɗin wata makaranta. Wanda ya yi aikin ya zuba dukkan foldar aikin cikin public_html, wurin da kowa ke iya buɗewa ta intanet. Na rubuta adireshin shafin na ƙara /.env a ƙarshe, sai ga lambar sirrin ma'ajiyar bayanai da makullin karɓar kuɗi a fili, kowa a duniya zai iya gani. Jikina ya yi sanyi, don kuɗin iyayen yara ne. A daren muka sauya komai.

Injiniya_Arkilla: Tunda an zo nan, Dan_Mabera, fayil ɗin nan naka mai makulli, ka taɓa tura shi GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet?

Dan_Mabera: Na tura, amma na goge shi daga baya da na lura.

Injiniya_Arkilla: To makullin nan ka ɗauka ya riga ya fita. Git, wanda GitHub ke aiki da shi, ba ya mantuwa, gogewar da ka yi sabon shafi ce kawai a tarihinsa, tsohon yana nan ga duk mai iya duba baya. In ma'ajiyar kod ɗinka a buɗe take ga kowa, akwai manhajojin da aikinsu ke nan dare da rana, neman makullai. Shiga wurin kamfanin yau ka kashe shi ka karɓi sabo. Sannan ka sa sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin fayilolin da Git ba zai ɗauka ba, ka ajiye wani na misali mai sunaye kawai babu ƙima.

Dan_Mabera: Innalillahi. A buɗe take. Yanzu zan yi.

Baban_Sadiq_Wurno: Ba wanda ya ambaci TOML. Shi ne tsakiya. Kamanninsa irin na INI ɗin da Baba ya faɗa, kanun sashe a cikin baka mai kusurwa, ƙarƙashinsa suna da ƙima, amma shi yana da rubutacciyar ƙa'ida guda, saɓanin INI da kowa ke karantawa yadda ya ga dama. Tom Preston-Werner, ɗaya daga waɗanda suka kafa GitHub, ya fara shi a 2013, sigar 1.0 ta fito a 2021. Yana karɓar sharhi, don haka za ka iya rubuta wa yaron shago da Hausa a saman kowane layi: nan ne sunan firinta, kada a taɓa na ƙasa. Rubutu dole sai da alamar zance, ba hasashe. Lambar da ta fara da sifili kuma ƙin ta yake yi gaba ɗaya, ya faɗa maka layin, maimakon ya juya ta a ɓoye kamar yadda ya faru da Yar_Gobir. Tun Python 3.11 akwai tomllib a ciki, laburaren karanta TOML.

Dan_Mabera: Kwamfutar Tambuwal Windows 7 ce, Alhaji ya saye ta ta hannu.

Baban_Sadiq_Wurno: To a nan Python 3.8 ce iyakarka, ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7. Sai ka girka tomli, shi ne asalin tomllib ɗin, aiki ɗaya suke yi. Ka sani dai karatu kawai suke yi. In kana so manhaja ta rubuta fayil ɗin kuma sharhinka ya tsira, tomlkit za ka nema.

Ummu_Aisha_Runjin_Sambo: Windows 7 ɗin nan ta tuna mini wani abu da zai iya cizonka ko wane tsari ka zaɓa. Tsohon Notepad in ba ka sauya ba da tsarin haruffa na ANSI yake ajiye fayil, kuma ANSI bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. In sunan reshe yana da ƙ, misali Ƙofar Atiku, zai iya dawo maka da alamar tambaya a saman rasit. In kuma yaron ya zaɓi UTF-8, tsarin da ya san haruffanmu, tsohon Notepad yana liƙa wasu baiti uku marasa ganuwa a farkon fayil, waɗanda ake kira BOM, json na Python kuma ya ƙi karantawa. Ka buɗe fayil ka duba da idonka ba ka ga komai ba. Sai a 2019 Windows 10 ta koma ajiye UTF-8 babu BOM. Maganinsa a Python ka buɗe fayil da utf-8-sig, yana karɓar mai BOM da marar shi.

Ni aikina tattara bayanan asibitoci ne daga ƙananan hukumomi, kuma kullum da CSV nake fama, fayilolin tebur da ake buɗewa da Excel. A nan abin juyawa yake: Excel shi yana son BOM ɗin, in babu sai ya watsa haruffanmu masu lanƙwasa. Bayan haka yana cinye sifilin farko na lambar waya da na lambar asusun banki mai lamba 10. Lambar kwalin magani irin 12E5 yana mayar da ita 1200000. Ranar lalacewar magani 03/04 a wata kwamfutar 3 ga Afrilu ce, a wata 4 ga Maris. Tunda magani kake sayarwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mutum zai sha. Rubuta kwanan wata shekara, wata, rana, kamar 2026-04-03, a ko'ina. Ba mu kaɗai abin ke damu ba, a 2020 masana ƙwayoyin halitta sai da suka sauya wa wasu sunaye irin MARCH1 da SEPT1 suna, don Excel na mayar da su kwanan wata.

Dan_Android_Kwannawa: Anti Ummu_Aisha, mu masu XML, tsarin da ke sa kowane bayani tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa, mu ma Hausa na ba mu aiki. A strings.xml na Android, duk kalmar da ke da alamar ɗauri irin jami'a, sa'a, 'yan kasuwa, sai ka sa karkataccen layi na baya kafin alamar, in ba haka ba manhaja ba za ta ginu ba. Na fassara wata manhaja zuwa Hausa (values-ha), layi fiye da ɗari sai da na bi ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ina ganin ana raina XML fiye da kima. Tun 1998 yake, yana da sharhi, kuma yana da hanyar tantance tsarin fayil tun kafin JSON Schema ta zo.

Abban_Hanifa: XML ga yaron shago? Wanda waƙafi ɗaya ya kayar, za ka ba shi buɗe alama da rufe alama?

Dan_Android_Kwannawa: Ban ce a ba shi ba, Yaya. Na ce dai kada a raina.

Dattijon_Kofar_Marke: Ku dawo ga mai tambaya. Dut kuna gardamar wane fayil za a ba yaro shi gyara. Ni tambayata, don mi za a ba shi fayil? Yaron ga aikinai sayar da magani, kuma ya iya aikinai. Ba shi ya yi kuskure ba, an aza mai kayan da ba nashi ba. Yi mai shafi guda cikin manhaja, shi ga jerin firintocin da kwamfuta ta gani, shi zaɓa, shi danna ajiye. Manhaja ita ta rubuta fayil. In kun yi haka, JSON ɗin da kake da shi ya isa, don manhaja ba ta mance waƙafi.

Baban_Sadiq_Wurno: Baba, da girmamawa, shafin saiti aiki ne na kwana biyu ko uku, kuma Alhaji ba lalle ya biya wannan ba. Sannan ranar da manhaja ta ƙi tashi gaba ɗaya, ta ina za a shiga shafin? Dole dai a koma fayil, kuma a ranar za ka so a ce mai sharhi ne.

Dattijon_Kofar_Marke: Kuɗin mota zuwa Illela da dawowa, da yinin da anka yi ana rubutu ga littafi, wa ya biya su? Amma maganarka ta biyu tana da ƙarfi, na karɓa.

Yar_Gobir: Abin da ya haɗa maganar Baba da ta Baban_Sadiq shi ne yadda manhaja ke yi in ta tarar da fayil a lalace. Dan_Mabera, me ta nuna wa yaron ranar?

Dan_Mabera: Ba ta nuna komai ba. Baƙin allo ya ɗan bayyana ya ɓace.

Yar_Gobir: To ka ga inda tafiyarka ta samo asali. Kuskuren da json ke jefowa yana ɗauke da lambar layi da gurbin da ya tsaya. Da ka kama shi ka nuna a allo da Hausa, "akwai kuskure a fayil ɗin saiti, layi na 9", da ta waya kun gama cikin minti biyu. Kuma kada ka tsaya ga ko fayil ya karantu. Da manhaja ta tashi ta bi kowane saiti: sunan reshe yana nan? Lokacin rufewa lokaci ne na gaske? Akwai sunan da ba ta sani ba, wataƙila an yi kuskuren harafi? In da matsala ta faɗa nan take da safe, kada ta bari sai an zo rufe lissafi da dare. Laburaren Pydantic na yin wannan, amma saiti takwas ko goma ko da hannu ka rubuta. Sannan duk lokacin da fayil ya karantu lafiya, ta ajiye kwafinsa a gefe. Ranar da aka lalata shi ta tambaya ko a koma na jiya.

Injiniya_Arkilla: In manhaja ce za ta riƙa rubuta fayil kamar yadda Baba ya ce, a yi hattara da wuta. Lokacin zafin nan na Afrilu da batirin inbata ke saurin mutuwa na ga abin da idona a wani shagon kayan masarufi. Buɗe fayil don rubutu yana fara share abin da ke ciki ne, aka ɗauke wuta daidai wannan lokacin, da aka kunna sai fayil fanko, baiti sifili. Hanyar ita ce ka rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi cikin folda ɗaya da tsohon, ka kira flush da os.fsync don ya sauka kan faifai da gaske, sannan os.replace ya ɗora shi a kan tsohon. Ko ka sami tsoho cikakke ko sabo cikakke. SQLite ita da kanta take wannan tsaron, shi ya sa wasu ke zuba har saitin a cikinta.

Mai_Laravel_Gawon_Nama: Ƙari kan farashi: ajiye shi da kwabo, cikakkiyar lamba, kada ka sa ɗigo. Buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2 ka ga abin da zai fito. Paystack ma da kwabo yake karɓar adadi.

Abban_Hanifa: Na ji duka, amma har yanzu ina nan kan YAML ga wanda ya san shi. Sa alamar zance a kowane rubutu, yi amfani da safe_load, kada ka taɓa Tab wurin tazara. Shekara huɗu ina haka ban sami matsala ba. In saiti ya yi zurfi, sashe cikin sashe cikin sashe, TOML yana zama abin wahala.

Baban_Sadiq_Wurno: In saitin shagon magani ya kai sashe uku cikin juna, a sake duba manhajar.

Dan_Mabera: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kashe tsohon makulli, na karɓi sabo. Daren nan zan fara da saƙon kuskure da kwafin jiya, tunda su ne masu sauri, farashi da sefa kuma su koma SQLite a ƙarshen mako. Tsakanin TOML da shafin da Baba ya ce ban yanke ba tukuna, sai na zauna da Alhaji. Abin da ya rage mini shi ne makullin. In na cire shi daga fayil ɗin saiti na sa a .env, ai duk a kwamfutar shagon yake zaune, yaron zai iya buɗewa da Notepad ɗin nan dai.

Injiniya_Arkilla: Haka ne, sauya masa ɗaki kawai ka yi. Akwai laburaren keyring da ke ajiye shi a Credential Manager na Windows, ya fi fayil a fili, amma mai shiga da asusun kwamfutar ɗaya zai iya kaiwa gare shi in ya san hanya. In kana so ya fita daga shagon gaba ɗaya, sai rassan su riƙa tura cinikin rana zuwa ƙaramar saba taka, ita ta riƙe makullin ta aika wa Alhaji saƙon.

Ummu_Aisha_Runjin_Sambo: Sai dai saba kuɗi ce duk wata, kuma ranar da intanet ta yanke a reshe fa? Dole manhaja ta riƙe saƙon a layi har sadarwa ta dawo. Dan_Mabera, su rassan biyu da me suke hawa intanet, wayar yaron shago ko akwai na'ura a ajiye?

Dan_Mabera: Tambuwal akwai na'ura. Illela wayar yaron ce, Anti, kuma in ya tafi sallah ko cin abinci da ita yake tafiya.